Ruwa, yashi da kwali: yadda ake riƙe ƙananan yara a tsakar gida lokacin zafi

Duk sanda zafi ya kankama kuma aka ce makarantu sun tafi dogon hutu, tambaya ɗaya ce za ki ji iyaye mata na ta yi wa juna, wai don Allah me za a yi da yaran nan ne tun safe har dare? Ɗaki ya ɗau zafi ba ya zaunuwa, fita yawo kullum ba abu ne mai yiwuwa ba, ga aiki ya sha kan mutum, to abin da ya fi sauƙi shi ne a miƙa wa yaro waya ko a kunna masa katun a samu lafiya. Ni kam ban ga laifin uwar da ta yi haka ba, gajiya gaskiya ce. Amma ina so in faɗi abin da na gani da idona yana aiki, yaro ƙarami ɗan shekara biyu zuwa shida haka, in dai kika sama masa inuwa da ɗan ruwa da wani abu da zai iya juyawa ya rushe ya sake ginawa, wallahi shi da kansa zai riƙe kansa, ke naki kawai sa ido. Ba sai kin zama mai ba shi nishaɗi daga safe zuwa yamma ba, kuma ba sai an sayo komai ba.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar, a ciki ta ce yaro daga shekara ɗaya zuwa huɗu yana buƙatar aƙalla minti 180 kullum yana motsa jiki, awa uku kenan cur, ba wai a jere ba, a rarrabe cikin yini, sannan 'yan shekara uku zuwa huɗu a cikin awa ukun nan a samu awa ɗaya ta wasa mai sa haki, guje-guje da tsalle-tsalle. Maganar kallo kuwa ta ce wanda bai kai shekara biyu ba kar a ba shi, daga biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana, in bai kai haka ba ma ya fi. To ki lissafa awa uku na guje-guje a cikin falo, ai sai dai a yi ta fasa kaya ana tsawa. Shi ya sa dole sai an fita waje, ko da wajen ɗan fili ne da bai wuce shimfiɗar tabarma uku ba, ko baranda, ko bakin ƙofa.

Akwai kuma maganar ido wadda mutane da yawa ba su sani ba. A birnin Guangzhou na ƙasar Chaina an yi wani bincike da aka wallafa a 2015, aka ƙara wa yara 'yan aji ɗaya na firamare minti 40 na zama a waje kowace ranar makaranta, bayan shekara uku sai aka ga wajen kashi 30 cikin ɗari ne nasu suka kamu da matsalar rashin ganin nesa, alhali a makarantun da ba a ƙara ba abin ya kusa kashi 40. Taiwan ma tun 2010 take ƙarfafa wa makarantunta su riƙa fitar da yara waje minti 120 kullum saboda wannan dalilin. Abin da ya fi daɗi a ciki shi ne ba sai yaro ya tsaya cikin rana ba, hasken da ke ƙarƙashin bishiya ko rumfa ma ya ninka na cikin ɗaki sau da yawa.

To amma lokaci, lokaci shi ne farkon komai. Daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma nan ne rana ta fi ƙarfi, don haka wasan waje na gaske da sassafe ne zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Tsakiyar nan kuwa inuwa sosai ko a koma ciki a yi barci. Akwai wata hanya mai sauƙi ta ganewa, ki duba inuwar yaron, in ta fi shi gajarta to rana ta yi tsaye, a bar cikinta. Wannan ma kansa wasa ne fa, ki tsayar da shi da safe a wuri ɗaya ki zagaye ƙafafunsa da alli ki zana inuwarsa a ƙasa, anjima da yamma ya dawo ya taka wurin a sake zanawa, zai ga ta koma ɗaya gefen, kuma zai tambaye ki wa ya matsar da ita. In kika kafa sanda a ƙasa kuna ajiye dutse a bakin inuwarta duk bayan awa ɗaya to kun yi agogon rana kenan. Jariri ɗan ƙasa da wata shida shi ba a sa shi a rana kai tsaye ko kaɗan, inuwa kawai. Kuma kafin ki bar su su fita ba takalmi ki ɗora bayan hannunki a kan siminti ko ƙarfe ko robar da ta sha rana, in ke ba ki iya jurewa ba to tafin ƙafar yaro ya fi naki laushi.

Yanzu ruwa. In da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak to ruwa zan zaɓa, don ban taɓa ganin yaron da ya gaji da shi ba. Kuma ba ruwa mai yawa ba, rabin ƙaramar roba ya isa, musamman a inda ruwan ma sai an yi tattali. Abin da ke sa wasan ya daɗe shi ne kayan da kika zuba a gefe, kofuna manya da ƙanana, mazurari, rariya, cokali, soso, tsohuwar robar ruwa da aka huda murfinta da ƙusa ta koma abin yayyafi. Sai ki ga yaro ya ɗibo a babban kofi ya juye a ƙarami ya zube, ya sake, ya sake, mu muna ganin ɓarna ce shi kuwa awo yake koyo, wanne ya fi cin ruwa, me ya sa rariya ba ta riƙewa, me ya sa dutse ya nutse amma murfin roba yana yawo a sama. Ki tara masa tarkace kala-kala, ganye, tsinke, cokali, ƙwallo, kafin ya jefa kowanne ki tambaye shi zai nutse ko ba zai nutse ba, shikenan kin ba shi aikin rabin awa.

Wanda na fi so duk a ciki shi ne fenti da ruwa. Tsohon buroshin fenti ko soso da kofin ruwa zalla, a nuna wa yaro bango ko siminti a ce ya shafa. Ƙaramar 'yata in ta samu wannan sai ta tsuguna ta yi shiru, harshe a waje kaɗan, ta ja layi mai duhu a bangon ta bi shi da wani, ta yi da'ira ta ce ni ce, kafin ta gama ƙafafun kan ya fara bushewa yana ɓacewa daga gefe-gefe, sai ta tsaya buroshin na ɗiga a kan ƙafarta tana kallo, ta juyo ta ce Mama ina ya tafi? Na ce rana ce ta shanye. Sai ta koma ɓangaren inuwa ta sake zanawa don ta ga ko can ma za a shanye, kuma ta lura da kanta cewa na inuwa ya fi daɗewa. Ba ni na ce ta gwada ba. Ba fenti a riga, ba abin gogewa, bangon kuma ya koma yadda yake.

Wanki ma wasa ne a wajensu, a ba su ruwan kumfa su wanke 'yar tsana da motocin roba da kujerar roba, a ɗaura musu igiya daidai tsayinsu su shanya tsummoki. In akwai tiyo kuma da yamma rana ta yi ƙasa, ku juya mata baya ki danne bakin tiyon da yatsa ruwan ya fita kamar feshi, bakan gizo zai fito a gabanku, dole sai rana na bayanku in ba haka ba ba za ku gan shi ba. Sai dai ki fara zubar da ruwan farko a ƙasa, wanda ya kwana a cikin tiyo a rana yana iya yin zafin da zai ƙona fatar yaro.

Nan kuma zan tsaya in yi magana da babbar murya don Allah. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai wuce 'yan santimita ba, a bokiti, a baho, a robar wanki. Kansa na da nauyi sosai in aka kwatanta da girman jikinsa, in ya leƙa bokiti ya kife ba ya iya ɗagowa, kuma abin ba ya zuwa da ihu ko fantsama ruwa yadda mutane ke zato, shiru ake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutane wajen 300,000 ne suka rasu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma 'yan ƙasa da shekara biyar na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Don haka in akwai ruwa a gaban yaro babba ya kasance a inda hannunsa zai kai gare shi, ba daga taga ba, ba kuma a ce yayarsa 'yar shekara bakwai ta kula da shi ba, ita ma yarinya ce kuma wasa zai ɗauke mata hankali. In za ki shiga ciki ko na minti ɗaya ne ki ɗauke shi ku tafi tare ko ki zubar da ruwan. In manya sun yi yawa a wurin ma a fi kula, don kowa sai ya ɗauka wani na kallo. Rijiya da tanki da duro a rufe su da murfi mai nauyi.

Bayan ruwa sai yashi da ƙasa. Na san da yawa cikinmu ba ma son datti, amma yaro da wanki ai ba a raba su, a ware masa tsofaffin kaya na wasa kawai a huta. Yashi a tsohuwar taya ko babban baho, a ɗan jiƙa shi don busasshe ba ya ginuwa, a ba shi gwangwani marar kaifi da cokali da murafe. Ki binne ƙananan kayan wasansa ya tono. In an gama a rufe yashin saboda kyanwa na son yin kashi a ciki kuma kashinta na ɗauke da cuta, sannan a wanke hannu da sabulu kafin a ci wani abu.

Wani mai zane da sassaƙa ɗan Ingila mai suna Simon Nicholson ya yi rubutu a 1971 yana cewa yawan ƙirƙirar da yaro zai yi a wuri ya danganta ne da yawan abubuwan da zai iya ɗagawa ya motsa ya haɗa su yadda ya ga dama. Duk uwar da ta taɓa sayen abin wasa mai tsada ta ga yaro ya ajiye shi ya koma wasa da kwalin da aka sako shi ta san gaskiyar wannan magana. Motar batir abu ɗaya ta iya, in ya danna ya gani sau goma ya gama da ita. Kwali kuwa yau gida ne gobe jirgi jibi shago, in ya yage ma ya zama abin ja. Don haka ki samu buhu ko kwando ɗaya ki riƙa tara irin waɗannan, kwalaye, murafen robobi, guntun katako marar ƙusa, igiya gajeriya, tsofaffin tukwane, duwatsu masu santsi, tsohon zanin gado da za a yafa a kan kujeru biyu ya zama tanti kuma ya ba da inuwa. Dabarar ita ce kar ki fito da su gaba ɗaya, ki ɓoye rabi, bayan 'yan kwanaki ki musanya, abin da ya kwana biyu bai gani ba sabo ne a wajensa. Ga masu ƙasa da shekara uku kuma a kula da ƙananan abubuwa saboda komai baki suke kaiwa, duk abin da zai iya shigewa cikin kwalin tsakiyar takardar bayi to ya yi ƙanƙanta a bar musu. Balan-balan da ta fashe ko wadda ba a hura ba ita ma tana shaƙe yaro, a tsince ta nan take.

Kumfar hurawa ba sai an saya ba, ruwa da sabulun wanke-wanke na ruwa, a ɗan ɗiga gilisirin ko a sa sukari kaɗan. Ita kumfa siririn ruwa ne sabulu ya rufe shi ciki da waje, da ruwan ya bushe take fashewa, shi kuma gilisirin yana rage saurin bushewar, shi ya sa ma ta fi kyau da sassafe ko da yamma fiye da tsakar rana. Ki yanke gindin robar ruwa ki sa mata tsohuwar safa ki ɗaure, a tsoma a hura ta baki, kumfa za ta fito doguwa tana ta zuba. Wannan sai yaron da ya iya hurawa ba zuƙa ba. Ƙananan kuma su bi ta da gudu suna fasawa, ga hakin da ake nema ya samu.

In kina da firij mai yin ƙanƙara, ki zuba ruwa a kwano ki jefa ƙananan kayan wasa da ganye a ciki ya daskare, washegari ki juye musu a faranti ki ba su gishiri da ruwan ɗumi da cokali ki ce su ceto abin da ke ciki. Gishiri na sa ƙanƙara narkewa da wuri, za su ga yana huda ramuka a jikinta. Ga sanyi a hannu ga aiki.

Shuka kuma tana da wani amfani da sauran ba su da shi, tana ba yaro dalilin fita kowace safiya. Ƙwayar wake a gwangwanin da aka huda gindinsa, cikin 'yan kwanaki ta tsiro, ki rubuta sunan kowa a nasa, shi ke ba ta ruwa. In kika sa wata a kwalba da jiƙaƙƙiyar auduga a jikin gilashin zai ga saiwa ta fara fita ta yi ƙasa kafin ganye ya yi sama. Daga nan sai bin layin tururuwa a ga inda suke kai abinci, da neman malam-buɗe-littafi, amma a koya masa kallo da ido ban da sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse.

To ga wurin da na fi so iyaye su ji ni. In kin fito da kayan nan kin ajiye, ki ja baya. Mu manya muna da saurin cewa ba haka ake yi ba, kawo in nuna maka, kar ka zubar, kuma da mun sa baki wasan ya tashi daga nasa ya koma namu, daga nan sai ya riƙa jiran mu faɗa masa na gaba. In ya zo ya ce ya gaji ba abin yi, kar ki yi saurin nemo masa wani abu, ki ce to je ka duba kwandon can, zai ɗan yi ƙunƙuni ya zagaya ya dawo, in kika daure na 'yan mintoci sai ki ga ya ƙirƙiro abin da ke ba za ki taɓa tunaninsa ba. Ranakun farko sun fi wuya musamman ga yaron da ya saba da waya, don waya ba ta barin sa ya ji shiru ko na daƙiƙa ɗaya, amma yana sabawa. Ki kawo naki aikin wajen ki zauna kusa, ninkin kaya ko wanki, yana ganinki hankalinsa a kwance, ke ma idonki na kansa. Wayarki dai a ajiye ta in akwai ruwa.

Haka maganar hawa da tsalle. Wata mai bincike 'yar ƙasar Norwe, Ellen Sandseter, a 2007 ta lissafa irin wasannin da yara ke nema masu ɗan haɗari, ciki har da hawa sama da gudu da sauri da kokawa da ɓuya inda ba a ganinsu, kuma yara na neman su ne don ta nan suke gane iyakar jikinsu. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne a bambanta haɗarin da yaro ke gani da idonsa yana aunawa, kamar tafiya a kan katako da aka shimfiɗa a ƙasa ko tsalle daga ƙaramin dakali, da wanda ba ya gani sam, kamar ƙusa mai tsatsa da fasasshiyar kwalba da wayar wuta da buɗaɗɗiyar rijiya da maganin ƙwari da aka ajiye a lungu. Na biyun aikinmu ne mu kawar kafin ya fito. Na farkon kuwa a bar shi ya gwada, ƙujewar gwiwa ba ta hana girma. Maimakon kar ka faɗi kar ka faɗi da muke ta yi, ki ce masa duba inda za ka sa ƙafarka.

Yaro in wasa ya yi daɗi ba ya tuna ƙishirwa, don haka ke za ki riƙa miƙa masa ruwa akai-akai ba sai ya nema ba, kaya marasa nauyi masu haske, hula in za a shiga rana. Jaririn da bai kai wata shida ba yana shan nono zalla shi ba a ba shi ruwa, a dai ƙara yawan ba shi nonon. Ki lura da fitsari, in ya ragu ko ya yi duhu jiki na neman ruwa. In kika ga yaro ya yi laushi, yana kukan ciwon kai ko jiri ko amai, a kai shi inuwa a rage masa kaya a shafa masa ruwa a jiki a yi masa fifita a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In kuwa jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko ba ya gane mutane ko ya suma ko ya fara jijjiga, wannan ba na gida ba ne, a ci gaba da sanyaya shi ana hanyar asibiti nan take, kuma kar a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. Ranar da zafin ya wuce misali kuma ba dole, a haƙura da waje sai rana ta faɗi.

In an tashi, tattara kayan ma da su za a yi, kowa ya ɗauko nasa ya zuba a kwando, su kwashi ruwan da ya rage su ba shukarsu. Duk wani bokiti da baho da gwangwani a juye shi a kife, har tayar yashin a duba kar ruwa ya kwanta a cikinta, don sauro daga ƙwai zuwa mai cizo kwana bakwai zuwa goma kawai yake buƙata in ana zafi, kuma ruwan da ya taru a murfin roba ma ya ishe shi.